Tsohuwar da Ba Wanda Ya Juya Fuskarta

Zafin watan Afrilu ne ya kore mu daga aji ran nan. Kwanon rufi ya ɗau wuta tun kafin azahar, sai na ce wa 'yan aji biyar su kwaso bencinansu mu koma gindin darbejiyar da ke kusa da ƙofar makaranta. Kusan shekara ashirin ke nan, lokacin ina sabon malamin Turanci a wata sakandare a Zariya. A hannuna akwai gajeren labarin Liam O'Flaherty mai suna The Sniper, wato maharbin da ke laɓewa ya ɗauke mutum daga nesa.

Na fara yi wa yaran shimfiɗa a kan ƙasar Ayalan. A watan Disamba na 1921 jagororin gwagwarmayarta suka ƙulla yarjejeniya da Birtaniya: gundumomi 26 su samu mulkin kai, shida na arewa su ci gaba da zama ƙarƙashin Landan, 'yan majalisa kuma su yi wa Sarkin Ingila rantsuwa. Nan tsintsiya ta watse. Michael Collins ya karɓa, Éamon de Valera ya ƙi. Ran 28 ga Yuni 1922 sojojin sabuwar gwamnati suka buɗe wuta da igwa a kan ginin kotunan Dublin, Four Courts, inda abokansu na jiya suka yi sansani. Cikin watan Agusta aka harbe Collins a kwanton ɓauna a gundumarsu ta Cork. Labarin O'Flaherty ya fito a Landan a Janairun 1923, ana tsakiyar yaƙin, domin sai a watan Mayu aka ajiye makamai. Shi kuwa marubucin, haifaffen tsibiran Aran a 1896, ya san warin albarushi, ya yi yaƙin duniya na ɗaya cikin sojan Birtaniya har ya samu rauni a 1917.

Ina karantawa da Turanci, ina maimaitawa da Hausa don kada a bar kowa a baya. Wani saurayi ne kwance a kan rufin bene kusa da gadar O'Connell a Dublin, cikin dare, da bindigarsa. Ya ci ɗan abinci, ya ƙyasta ashana zai kunna taba, sai harsashi ya bugi bangon da ke kare shi. Ashe akwai wani maharbin a rufin da ke tsallaken titi. Can motar sulke ta haye gada ta tsaya, wata tsohuwa mai yagaggen mayafi ta zo tana nuna wa na cikin motar inda saurayin yake. Sojan ya leƙo, saurayin ya ɗauke shi. Tsohuwar ta sheƙa a guje, ita ma ya harbe ta, ta faɗa kwata. Sai maharbin tsallake ya sami saurayin a hannun dama. Ya zuba aidin ya ɗaure, ya ɗora hularsa a bakin bindiga ya ɗaga, aka harbi hular, ya saki bindigar ta faɗa titi kamar ya mutu. Abokin gaba ya miƙe tsaye, shi kuwa ya sa libarba ya kayar da shi. Bayan nadama ta kama shi ta sake shi, sai ya sauko, ya ƙetare titi cikin ruwan harsasai don ya ga wanda ya kashe. Da ya juya gawar, ɗan'uwansa ne na jini.

Wurin ya yi tsit. Wata yarinya ta ja salati, ta rufe fuska da hijabinta. Na ji daɗi a raina cewa darasi ya shiga, na soma bayanin yadda marubuci ke ɓoye ƙarshen labari har sai layin ƙarshe.

Sai muka ji gyaran murya daga bencin mai gadi. Baba Kofur ne, tsohon soja, mutumin da bai cika magana ba in ban da amsa gaisuwa.

"Gafarta Malam, in yi tambaya?"

"Bismilla, Baba."

"Mutum nawa yaron nan ya kashe a daren?"

Yaran suka amsa baki ɗaya cewa ɗan'uwansa ya kashe. Baba ya ɗaga yatsu uku.

"Na ji uku. Sojan mota, shi dai da kakinsa ya fito, ya san abin da ya fito yi. To, tsohuwar fa, Malam? Wa ya je ya juya fuskarta?"

Ban sami amsa ba. Na karanta labarin nan ya fi sau goma, na yi masa layi da jan biro, amma ban taɓa tsayawa a kan matar ba.

Da dare na sake ɗauko takardun, na ga abin da O'Flaherty ya yi mini. Tun daga farko ya kwantar da mai karatu a kan rufin, kusa da saurayin. Yunwarsa muka ji, tsoronsa muka ji, raɗaɗin aidin a cikin rauninsa ma mun ji. Daga can sama kowa ƙanƙane ne, ba suna, ba murya, sai dai inda ya tsaya da hatsarin da ke tare da shi. Saboda haka da tsohuwar ta ɗaga yatsa, mu ma 'yar tsegumi muka gani, kuma da ta faɗi, ajiyar zuciya muka yi. Jimloli biyu ko uku marubucin ya kashe a kanta ya wuce, gajeru kamar ƙarar bindigar. Nadamar da ta zo wa saurayin ma ba don ita ta zo ba, sai da gwani irinsa ya rikito daga rufi. Rai uku ya salwanta, hawayenmu na mutum ɗaya ne, shi ma don an ce jininsu ɗaya. Tarkon da labarin ya ɗana ke nan, kuma ni da ajina duka muka faɗa.

Washegari bayan la'asar na saya wa Baba goro na zauna kusa da shi. Ya ce yana runduna ta biyu, ta Murtala Muhammad, a yaƙin Biyafara. Yana bakin kogin Kwara a Asaba cikin Oktoban 1967, lokacin da aka yi ta ƙoƙarin haye ruwa zuwa Anacha, ruwa da wuta suka ci abokansa da yawa. Ya ce batun tabar gaskiya ne, wanda ya rubuta shi ya kwana a fagen fama, don hasken ashana ɗaya ya isa a yi wa mutum salla. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan farar hula a garin Asaba, abin da tarihi ya riga ya rubuta. Baba bai ambaci wannan ba, ni ma ban taɓo shi ba. Ya daɗe yana juya goron a hannunsa.

"Malam, soja da soja ana tunawa da su. Ana karanta sunayensu, ana busa musu bigila. Masu tallar kifi a bakin ruwa, su Allah ne kaɗai ya ƙirga su."

Aka kira magariba, ya ɗauki butarsa.

Baba Kofur ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa. Har yau ina koyar da labarin, sai dai na sauya hanya. Idan muka kai inda tsohuwar ta faɗa kwata, nakan rufe takarda in ce kowa ya ɗauko biro. Su rubuta mini abin da ya fito da ita cikin daren nan, da wanda ta bari a gida yana sauraron motsin ƙofa. Sai sun gama wannan nake yarda mu koma kan rufin.