Hoton Asibiti Ba Abin Yarwa Ba Ne

Yau zancena a kan baƙin hoton nan ne da ake ba mutum a asibiti cikin babban ambulan, wanda muke ce wa radiyo. Ni malamar yaƙi da jahilci ce, ba likita ba. Amma duk takardar da ta shigo gari, ni ake kawo wa in karanta. Ta haka na ga hotunan asibiti da yawa. Wani an naɗe shi kamar tabarma. Wani an soke shi a jinka, hayaƙi ya dafe shi. Wani kuwa yara na wasa da shi. Wannan hasara ce babba, balle in hoton nono ne.

A shekarar 1895 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Rontgen ya gano wani haske da ido ba ya gani. Hasken yana ratsa nama, ya nuna abin da ke ciki. Da ya ɗauki hannun matarsa, sai ga ƙasusuwa da zobe sun fito. Da irin wannan haske ake ɗaukar hoton nono, wanda likitoci ke kira mamografi. Ana sa nono tsakanin faranti biyu, a matse shi na ɗan lokaci. Akwai ɗan zafi, amma ba ya daɗewa. Yawanci kowane nono hoto 2 ake yi masa, kin ga 4 ke nan.

Abin da ake nema shi ne ciwon daji, wato kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an samu mata kimanin miliyan 2 da dubu 300 da kansar nono, kuma wajen dubu 670 suka rasu. Hoton yana iya nuna ƙullutu tun hannu bai ji shi ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma kada ki firgita. Yawancin ƙullutun nono ba kansa ba ne. Ba a tabbatarwa sai an ɗebi ɗan nama an auna.

To, in likita ya riga ya duba hoto, me ya sa za a adana shi? Ƴar uwa, dubi gonarku. In kika ga suri a tsakiyarta, kin san ko bara yana nan, ko bana ya fito. Baƙo ba zai sani ba. Likita baƙo ne a jikinki, don nonon kowace mace da irin halittarsa. Tsohon hoto shi ne ɗan gari mai yi masa jagora. Yana jera tsoho da sabo a gaban fitila. In ya ga tabo yana nan yadda yake tun shekara 2, hankalinsa ya kan kwanta. In ya ga sabo ne, ko ya ƙara girma, sai ya hanzarta bincike. In babu tsohon hoto, wataƙila a sake kiranki, a sake awo, ki sake biyan kuɗi, ki kwana da fargaba.

Na ga haka ga wata ɗalibata. An ɗauke ta hoto, aka ce ta koma bayan wata 6. Ta ajiye shi a ƙasan tulu. Da damina ta zo, laima ta kama shi, hotunan suka manne da juna. Ran da ta koma, babu abin da za a gwada da sabon. Sai aka fara aikin tun daga farko. Kuɗin da ta tara na sayar da ƙuli-ƙuli, a nan ya tafi.

Ki tuna kuma ba kullum magani ke ƙarewa a asibitin kusa ba. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa. A shekarar 2021 aka fara gasa ciwon da haske a can. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram ya fi haka. Likitan can bai taɓa ganinki ba. Abin da kika riƙo a hannu shi zai fara karantawa. Wadda ta yi wannan tafiya ta bar hoto a gida, ta je kasuwa ba jaka.

Adana shi ba wuya. Bar shi cikin ambulan ɗinsa, a shimfiɗe. Kada ki naɗe, kada ki lanƙwasa. Nisanta shi da rana, da wuta, da laima, da gara. Ƙasan akwati ya fi, tare da karnen asibiti da takardar da likita ya rubuta bayanin hoton. Wannan takarda darajarta ɗaya da hoton. Kafin ki bar asibiti, ki karanta gefen hoton da kanki. Sunanki ne? Kwanan wata daidai ne? Za ki ga harafin D ko G. D nonon dama ke nan, G na hagu, da faransanci. Ga ranar karatu ta zo.

Yanzu wasu asibitoci suna ajiye hoto cikin kwamfuta, su ba mutum faifai. Suna iya aika shi ta intanet ga wani likita a nesa ya duba. Faifan ma a adana shi, kada ya karce. Amma ɗaukar hoton da wayar hannu ba ya maye gurbinsa. Wata alamar kansa ƙanana ce kamar ƙwayar gishiri. Waya tana shafe su.

Sai batun sirri. Hoton nan cikin jikinki ne, kuma da sunanki a kai. Ba na zuba wa jama'a a WhatsApp ba ne don a taya ki duba. Abin da ya shiga waya ɗaya, gobe yana cikin ɗari. Nuna wa likita, da wanda kika yarda da shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kai kuma maigida, in iyalinka ta ji ƙullutu a nono ko a hamata, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, kada ka ce a jira kaka. Ka kai ta likita. In an ba ku ambulan, ka ajiye shi inda kake ajiye takardar gona.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ga juna a fitowa ta gaba.