Rumfar Goron Baba Ta Zama Ɗakina



A nan Sabo, Ibadan, kuɗin haya ya fi ƙarfin saurayi irina. Shi ya sa na roƙi Baba tsohuwar rumfar da yake ajiye huhunan goro. Na sauya kwanon da ke yoyo, na shafe katako da baƙin mai saboda gara, na ɗaga daɓe don ruwan damina, na fasa taga. Katifa da akwati kawai take ɗauka.

Sharaɗin Baba ɗaya ne: duk baƙon da ya sauka daga Arewa, katifa tasa ce, ni tabarma. Haka aka sauke shi ranar da ya zo garin nan bai san kowa ba. Na amince.

Allah Ya bar zumunci, amin.