Ruwan da Na Ɗora wa Laifi

Mai su a Abu Hujar tsakanin madatsun ruwa biyu yake zaune. Ta sama akwai ta Rusairis, wadda aka gama a 1966, aka ƙara mata tsawo a 2013. Ta ƙasa, in an wuce Sinja da Mai Wurno, akwai ta Sinnar tun 1925. Saboda haka ba damina kaɗai ke cika mana kogin Bahar Azrak ba. In an saki ruwa daga sama, sai ka kwana yana gwiwa, ka wayi gari ya kai ƙugu. Shi ya sa masunta ke kafa kara a bakin ruwa da yamma, da asuba su duba inda ya kai.

Da wannan na fake lokacin da na kifar da jirgin kawuna.

Cikin Agusta ne, kogi ya yi jawur da lakar duwatsun Habasha. A irin wannan ruwan karfasa ba ta ganin tana, giwan ruwa ma, mai son ƙaramin kifi da ransa, wahalar samu yake. Masu gashin baki ne ke kiwo, tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa, don su wari suke bi. Na tanadi hanjin kaza da yankakken kifin da ya kwana. Nan dai ban yi kuskure ba.

Wajen tura jirgi na ɓata. Inda kogi ya karya kwana, gefen ciki rairayi ne, ruwa a kwance, can ake shiga. Gefen waje kuwa gaɓa ce tsaye, ruwa na cin gindinta. Nan na zaɓa, don ya fi kusa da gida, ga shi ina ƙyuyar jan jirgi. Ban kafa kara ba, ban kuma sa wa ƙugiyoyi abinci tun a tudu ba, na ce sai mun shiga. Na ɗora ɗan yayata a gaba da kwandon zare, alhali kaya masu nauyi tsakiya ake shimfiɗe su. Da na tura, maimakon hancin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, sai na ba shi haƙarƙari. Ruwa ya juya mu, yaro ya miƙe don tsoro, shi ke nan.

Allah ya sa ya iya iyo, reshen gawo da ruwa ya kayar ya tare shi. Jirgin kuma, wasu masunta suka kamo shi a ƙasa. Zare da ƙugiyoyi da filafili kuwa sun tafi.

Kifewar ba ta dame ni kamar abin da na faɗa a gida ba. Na ce an saki ruwa da dare, ba wanda zai iya. Kawu bai musa ba. Washegari ya ce, "Taso, ɗana, raka ni." Ya kai ni inda ya kafa nasa karan, ga zaren da ya ɗaura alama da shi, ruwa bai wuce shi da faɗin yatsa ba. Ya ce, "A ina ka tura?" Na nuna. Ya ce, "Da ɗan mutane a ciki?"

Na ce, "Kawu, na yi ƙarya. Gangancina ne."

Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga nan na wuce wurin Yaya, na durƙusa na faɗa mata yadda aka yi, tun da ita ma madatsar take ta tsine wa. Ta ce ta yafe, amma ɗanta ya bar shiga jirgi da ni, kuma har yau ba ta janye ba. Kuɗin zare da ƙugiyoyi na biya Kawu kaɗan-kaɗan daga cinikin banda a kasuwar Sinja, sai da rani ya shigo na gama. Na filafili ya ce in bar shi, wai da ma ya tsufa.