Tsagar Bango

Duk shekara bayan damina nakan kira magini ya cike tsagar bangon ɗakina, kafin rani ya yi nisa ta sake buɗewa a wuri guda. Ba laifinsa ba ne. Gidan yana kan ƙasa mai laka, wadda ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, harsashin gini na bin ta. Darbejiyar gindin katanga ma tana zuƙe danshin gefe guda, amma wa zai sare inuwarsa? Siririyar tsaga ba ta damuna. Wadda ta karkata daga kusurwar taga, har ƙofa ta fara cijewa, ita ta sa zan nemi injiniya kafin a sake yaɓe.