Zoɓon Bauchi, Daga Kasuwar Muda Lawal Zuwa Bakin Randa

Duk baƙon da ya sauka Bauchi cikin watan Maris ko Afrilu, sa'ad da duwatsun da suka kewaye garin ke huci kamar tanda, ba zai daɗe ba sai ya lura da jan ruwan nan da ake sayarwa daga Ƙofar Wunti har zuwa Yalwa. Matafiya sun fi sanin birnin Yakubu, wanda aka kafa a 1809, da masarsa, da kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma hanyar Yankari. Amma zoɓo, ko soɓorodo in ji dattawa, shi ma yana da nasa gwanaye a cikin ganuwar nan, kuma sana'arsu ta cancanci a tsaya a dube ta.

Mafarin al'amarin yana kasuwa. A Kasuwar Muda Lawal, inda kayan gwari da na miya ke sauka, mai karatu zai ga busasshen zoɓo tuli-tuli ana aunawa da mudu. Mutane na kiransa fure, alhali kuwa ɓawon nan ne mai kauri da ke lulluɓe da ƙwanson irin yakuwa, wanda ake ɓarewa bayan ɗaukewar damina a shanya. Akwai mai duhu, wanda har ya kusa zama baƙi, shi ke ba da launi da kauri. Akwai ja mai haske, shi kuwa tsami ne da shi ƙwarai. Farin zoɓo galibi miya da kwaɗo yake tafiya. Matar da ta san aikinta ba ta sayen iri ɗaya, sai ta haɗa mai duhu da mai haske gwargwadon bakin masu sayenta, kuma da wuya ta faɗa wa maƙwabciyarta awon.

A nan ne abin ya yi kama da wata sana'a ta Turawa, wadda addininmu ya haramta mana abin da take fitarwa, amma sanin yadda take ba laifi ba ne. A yankin Bordo na ƙasar Faransa, masu gonakin inabi kan gauraya ruwan inabi iri biyu ko uku, wani don ƙarfi, wani don laushi, sa'an nan su zuba a gangar katako mai cin lita 225, su bar shi shekara guda ko fiye, katakon yana ba shi ƙamshi, iska kuma tana ratsawa kaɗan-kaɗan tana kashe masa kaifi. Haɗi da mazubi da lokaci, watau su ne dukan sirrin. Biyun farko mai zoɓo ta san su sarai.

Dubi haɗin. Citta ce uwa, ita ke ɗumama maƙogwaro bayan sanyin ya wuce. Kanumfari kuwa sarki ne mai son mulki, in ya yi yawa sai ya danne kowa, a ji kamar ana shan maganin haƙori. Wasu na jefa masoro ko kimba, wasu ɓawon abarba, wanda ke tausasa tsamin ba tare da ya kashe shi ba. Zaƙi kuma mataki-mataki ne: na sukari daban, na mazarƙwaila daban, na dabino ko zuma daban. Sai kanwa, wadda ake ta gardama a kanta. Ƙwarya-ƙwaryar gaskiya ita ce tana rage tsami, ta sa a yi tsimin sukari, amma tana juya jan launin ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu, kuma a ganina zoɓon da aka cire wa tsami an cire masa sunansa ne.

Game da mazubi, randa da tukunyar ƙasa su ne gangar katakonmu. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓun, iska ta ɗauke shi, abin da ke ciki ya yi sanyi mai daɗi wanda ba ya kashe haƙori. Bugu da ƙari akwai ƙamshin ƙasar kanta, balle a gidan da ake jefa saiwar jema a ruwan sha. Yau firji da ƙanƙara sun karɓe wannan aiki, gorar roba ta maye gurbin moɗa, garin ƙamshi na kanti kuma ya shiga inda abarba take. Ba na ƙin firji. Abin da ke damuna shi ne gorunan da ake tsintowa a tasha da wuraren biki a sake cika su, domin wadda ba a wanke da kyau ba tana iya kai mai ƙishirwa asibiti.

Inda hanya ta rabu da ta Turawa shi ne lokaci. Ruwan zoɓo ba ya son jira. In ya kwana biyu a zafin Bauchi da sukari a ciki sai ya fara kumfa, ɗanɗanonsa ya juya, don haka na yau yau ake shanye shi, musamman da azumi. Wanda ke cin ribar jira shi ne irin, watau gurguzu: a dafa shi har ya yi laushi, a rufe shi kwanaki ya ruɓa, ya zama daddawar batso mai gyara miyar kuka.

Duniya kuwa ta riga ta gano shi. Misirawa da mutanen Sudan na ce masa karkade, a Senegal bisab, a Meksiko hamaika, kuma Meksiko ɗin na cikin manyan masu sayen zoɓon Nijeriya, wanda akasarinsa ke fitowa daga Jigawa da Kano da Katsina da ƙasar Bauchi. A 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka sun buga sakamakon gwajin da ya nuna kofi uku a rana, har mako shida, ya ɗan sauko da hawan jinin waɗanda aka gwada. Nasu dai ba irin namu ba ne da ake narka wa sukari har cokali ya tsaya.