Abin Da Muka Gano A Wagadugu

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. A hutun makaranta mun tashi daga Kumasi, muka bi ta Tamale da Bolgatanga, muka ƙetare iyaka a Paga, sai ga mu a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, domin ziyarar 'yan'uwa.

Mai masaukinmu yana zaune a bayan gari, cikin unguwannin da jama'a suka gina tun kafin hukuma ta yanka filaye. Babu famfo a gidajen, ruwa sai an saya wajen masu tura shi a amalanke. Saboda haka kowane gida da duro da randa. Ga tsofaffin tayoyi an danne rufin kwano da su.

Da safe muka ga dattijon yana bin randunansa ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa, yana rufewa. Muka tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, zazzaɓin denge ne ya koya mana." A shekarar 2023 cutar ta mamaye Wagadugu da Bobo-Julaso, ta kashe wajen mutum 700 a ƙasar.

Mu da muke koyar da tsabta a aji, a nan muka koma ɗalibai. Sauron da ke kawo ta baƙi ne mai ratsin fari. Da rana yake cizo, musamman da safe da yamma, don haka gidan sauro kaɗai ba ya wadatarwa. Ya fi son ruwan da aka ajiye a gida da wanda ya taru a taya ko gwangwani. Ƙwansa kan jure fari na watanni, da ya sami ruwa sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 10 ya zama sauro. Inda gidaje suka cunkushe, ya ciji marar lafiya a nan, bayan 'yan kwanaki ya kai wa maƙwabci.

Muna hanyar dawowa, Aboabo da Nima ne a ranmu. Ashe ba haka muke tara ruwa ba? A 2024 ma an sami cutar a Yankin Gabas na Ghana.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu rufe randa, mu wanke duro duk mako, mu kife tayoyi da gwangwanaye. Wanda zazzaɓi ya kama ya je asibiti, ya guji asfirin, domin yana iya jawo zubar jini. Allah ya kare mu, amin.