Bargon ƙyallaye: mu fara da gida tara

 Kaka ta shigo, kuma kowa ya san abin da ke biye da ita. Daga Disamba zuwa Janairu ɗari zai sauko, a gidaje da yawa yara uku su kwana suna jan mayafi ɗaya. Alhali duk shagon tela da kuka leƙa akwai buhun ƙyallaye a lungu, ragowar atamfar sallah da ta biki, wanda ƙarshensa bola ko wuta. To, abin da ke cikin buhun nan ya isa a yi wa yaro bargo.

Haɗa ƙanana su zama babba ba baƙon abu ba ne gare mu. Gwado da luru na kakanninmu, siraran saƙa ne ake jerawa a ɗinke gefe da gefe. A Amurka ma, matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama da tsofaffin kayan aiki suka riƙa ɗinka barguna don sanyi, har a 2002 aka baje su a manyan gidajen adana kayan fasaha na ƙasar.

Inda ake samun cikas shi ne wurin zaɓen fasali. Mu da muka yi lakwal muna da son zane mai wuya, tauraro mai kai takwas, kusurwa kan kusurwa, irin waɗanda muke gani a Facebook. Amma duk yankan da ya bi ta karkace miƙewa yake yi ƙarƙashin allura, bakinsa ya ƙi haɗuwa da na ɗan'uwansa. Mai koyo ya warware sau biyu, sau uku, sai ya cusa aikin cikin leda, ɗari ya zo ya wuce yaro bai lulluɓa ba. Shi ya sa muke cewa a fara da murabba'i, wato kare kamar yadda mushe ya koya muna, duka girma ɗaya.

Fasalin da muka fi so mun sa mashi suna gida tara. Layi uku ne, kowane da ƙyalle uku. Masu duhu biyar su zauna a kusurwa huɗu da tsakiya, masu haske huɗu su cike sauran. Ku zana shi a kaye mai ƙananan gidaje tun kafin ku taɓa almakashi.

Ga lissafin. A yanka kwali mai santimita 12 kowane gefe, shi ne ma'auni. Ɗinki zai ci santimita 1 ta kowane ɓangare, saura 10, ke nan gida tara ɗaya zai ba da 30. Bargo mai faɗin 120 da tsawon 180 yana ɗaukar gida huɗu a kwance, shida a tsaye, 24 ke nan. Don a rage wahala, sai a yi 12 kawai, a tsallaka su da manyan ƙyallaye 12 na yadi ɗaya marar ado, masu santimita 32. Ƙananan da za a yanka sun zama 108: masu duhu 60, masu haske 48. Wadda ke ɗinka gida ɗaya kullum bayan ta gama aikin gida, cikin kwana 12 ta kammala. Mun zaɓi wannan girma ne saboda zane ɗaya, yadi biyu, kusan haka yake, sai ya zama shafin baya. Ku dai auna shi tukuna, in faɗinsa ya gaza a ƙara mashi tsiri.

Kafin yanka a wanke ƙyallayen, masu duhu daban. Auduga na tsukewa a wankin farko, wata atamfar kuma tana zuba, gara ta zuba a bokiti da ta ɓata farin da ke kusa da ita. Leshi da yadi mai talewa a ajiye su gefe, atamfa ta tafi da atamfa. A kuma ɗora kwalin bisa tsawon zaren yadi.

Sai jeri, wanda nan ne ya kamata a kashe lokaci. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a jera komi ba tare da an ɗinka ba, sannan a ja da baya taki biyar a duba. Daga nesa ido ba ya ganin furen atamfa, duhu da haske kawai yake rarrabewa. Mai waya ta ɗauki hoto ta mai da shi baƙi da fari, nan take za ta ga inda duhu ya taru wuri ɗaya. Jan da ya fi kowa ƙara a watsa shi ko'ina, kar ya cunkushe a kusurwa ɗaya. Ƙyalle iri ɗaya kar ya zauna jikin ɗan'uwansa. A kira yara su taya, su ma suna da ido.

Wurin jerin nan ne hira ke tashi. Wannan ankon bikin wance ne, wancan na sunan autan gida, ga guntun zanen 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ake tunawa da tattakin da suka yi a Yamai a 1991. Zanen kamfe kuwa a lura da shi, kar a wayi gari rabin fuskar ɗan takara na kallon yaro tsakar dare.

In jeri ya yi, a sa wa kowane layi lamba da alli kafin a kwashe, don iska ko akuya ba su san wahalar da aka sha ba. A ɗinka layi layi. Wurin guga, a kwantar da ɗinkin layin farko dama, na biyu hagu, haka kusurwoyi za su haɗu daidai. Daga nan a shimfiɗa zanen baya, a ɗora tsohon mayafi a tsakiya, a rufe da fuskar. A soka zare mai kauri a ɗaure a duk tazarar santimita 10, a kalmashe baki. Marar keke ma allura ta ishe ta, sannu ba ta hana zuwa.

Telolinmu, don Allah kar ku ƙone buhun bana, ku ba maƙwabta. Wadda kuma ta jera nata a tabarma ta turo muna hoto mu gani, ta faɗa muna daga wane gari take.